Mujallun Fim na Farko: Tarihin da Gara Ke Ci a Cikin Adaka

A shekarar 1830 wasu Turawa biyu, wa da ƙane, Richard da John Lander, suka iso Yawuri suna cigiyar takardu. Labari ya kai Ingila cewa littattafan Mungo Park, wanda ya halaka a ruwan Busa a 1806, suna hannun Sarkin Yawuri. Suka share makonni a birni suna jira, daga ƙarshe suka tashi hannu rabbana. Abin da aka nuna musu a Busa littafin lissafi ne kawai irin na matuƙan jirgin ruwa. Kundin da Park ya rubuta na ƙarshen tafiyarsa, har yau ba wanda ya sa shi a ido. Shekara 24 kacal ke tsakanin mutuwarsa da zuwan masu cigiya, amma takarda ta riga ta yi ɓatan dabo.

Akwai wasu takardun a garuruwanmu na bakin ruwa da suka kai waɗannan shekarun, har sun ɗara, kuma ba mai cigiyarsu: mujallun fim na Hausa da suka fara fitowa a ƙarshen shekarun 1990.

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya soma ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Sai da sana'ar ta yi kusan shekara takwas tana rarrafe kafin ta samu mai rubuta labarinta a kai a kai. A 1998 Sunusi Shehu Daneji ya fito da Tauraruwa a Kano, yana kallon salon Stardust ta Indiya. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fito da mujallar Fim daga Kaduna. Daga nan kasuwa ta buɗe: Mumtaz, Bidiyo, Annashuwa, Garkuwa, Duniyar Fim da wasunsu. Mafi yawansu ba su yi tsawon rai ba. Fim ce ta jure, har ta kai zamanin da ake karanta ta a intanet.

A lokacin, malamai da iyaye ba su ɗauke su a bakin komai ba. Takardar tsegumin 'yan wasa ce, in ji su, wadda yarinya ke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Sai ga shi yau manazarta, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, da ita suke kafa hujja. A shafin Tauraruwa ne sunan Kannywood ya fara fitowa a 1999, shekara uku kafin jaridar New York Times ta yayata sunan Nollywood a 2002. Da babu wannan kwafin, da sai dai a yi ta musu a bakin shago.

Dalilin da ya sa nake ganin mujallar ta fi kaset ɗin kansa muhimmanci yanzu shi ne, kaset ba ya jimawa. Zaren cikinsa yakan yi fumfuna, ya manne, hoto ya dusashe, na'urar kunna shi ma ta zama sai an tona. Furodusoshi da yawa ba su ajiye uwar kaset ta finafinansu ba, domin a lokacin hankali yana kan fim na gaba da kuɗin da za a karɓo wurin dillalai a Ƙofar Wambai da Bata. Amurka ta riga mu shan wannan ɗacin. Binciken da Laburaren Majalisar Dokokinsu ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na manyan finafinansu na zamanin da babu murya sun salwanta kwata-kwata. Abin da aka sani game da da yawa daga cikinsu, daga mujallun sana'ar aka tsinto shi, irin su Variety da aka kafa a 1905 domin harkar dandamali, da Moving Picture World ta 1907. Wasu mutane ne suka yi ta tara su ana yi musu kallon masu tara shara, yau kuma an ɗauki hoton miliyoyin shafuka an zuba a intanet kyauta.

Mu ma muna da giɓin da ya isa ya tsorata mu. Zamanin majigi, da ake kafa farin ƙyalle a ƙofar fada a nuna Baban Larai, bai samu mujallarsa ba. Haka wasannin rediyo da talabijin na su Samanja, Ƙarƙuzu da Ƙasimu Yero. Wanda ke son sanin yadda aka karɓi fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, sai ya bi tsofaffin jaridu kamar Gaskiya Ta Fi Kwabo yana tsintar layi ɗaiɗai. Zamanin bidiyo ne kaɗai ya zo da marubutansa.

Ɗauki kwafi guda na shekarar 2000 ka duba da kyau. Bangon yana da sheƙi har yanzu, amma takardar ciki ta yi ja, ƙusoshin tsakiya sun yi tsatsa sun ci shafin da ke kusa da su. Sau da yawa za ka tarar da rami mai kusurwa huɗu inda aka yanke hoton jaruma da reza aka manna a bangon ɗaki, aka tafi da rabin hirar da ke bayansa. Ka wuce hirarrakin tukuna, ka je wurin tallace-tallace. A nan za ka ga sunan kamfani, da darakta, da mawaƙi, da shagon da za a sami kaset, abubuwan da ba a rubuta su a ko'ina ba. Sannan shafin wasiƙu, wanda ni a wurina shi ne zuciyar mujallar. A nan ɗan kallo ke magana da bakinsa, yana yaba Sangaya ko Wasila, yana faɗa kan rawa da waƙa da kwaikwayon Indiya, ya sa sunansa da garinsu a ƙasa. Muhawarar da ta kai ga kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001 tana nan wata bayan wata, da zafinta. Kuma a nan muryar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ta rage: Ahmed S. Nuhu da ya rasu a 2007, Hauwa Ali Dodo a 2010, Rabilu Musa Ibro a 2014.

Me ya kawo Yelwa ta Yawuri cikin zancen da cibiyarsa ke Kano da Kaduna? Garin yana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Kwantagora, kuma duk inda kaset ya shiga, mujalla ta bi shi, har Wara da Shanga da tungayen masunta. A irin waɗannan wurare kwafi ɗaya yakan zagaya unguwa, kuma wadda ta saye shi takan adana shi cikin kayan ɗakinta. Ina kyautata zaton abin da ya ɓace a rumbun mawallafa yana iya kasancewa kwance a adakar wata gwaggo a nan. Amma bakin ruwa ba ya raga wa takarda. Laimar damina tana jiƙa ta, gara na bin ta ta ƙasa, abin da ya tsira kuma mai ƙosai na jiransa. Mutanen da aka tasa sama da dubu 40 sa'ad da aka kammala madatsar Kainji a 1968 sun san yawan abin da ake bari a baya ranar ƙaura.

Aikin bai fi ƙarfin ɗaliban sakandare biyar da malaminsu na Hausa ba. A shiga gida da ladabi, a ce, "Gwaggo, ko akwai sauran mujallun nan naki na da? Aro muke so, za mu dawo da su." A rubuta sunan mujalla da lambar fitowa da wata da farashi. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, har da talla, kada a tsallake ko ɗaya. A zare ƙusa mai tsatsa, kada a liƙa salatif a inda ya yage, kada a ƙulle a leda domin gumi take tarawa. A jera cikin kwali a kan kanta, nesa da ƙasa da bango, a riƙa sha musu iska a inuwa lokacin hunturu. Hotunan kuwa a aika kwafinsu Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, a bar na asali a garin da aka same su. Masarautar Yawuri, wadda Sarkinta, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba za ta rasa ɗaki guda na wannan ajiya ba.

Idan za a fara, a fara da na 1998 zuwa 2001, musamman ƙananan mujallun da suka fito 'yan lokuta suka mutu. Su ne aka buga kaɗan, a kan takarda mafi araha, kuma kamfanonin da suka buga su sun daɗe da rufewa.