Mai Gyaran Birki a Paris da Lyon: Sana'ar da Ake Yi da Tafin Ƙafa

Duk bakaniken da ya buɗe ido a zamanin Fijo 504 ya taɓa ƙarfen da ya biyo ta birnin Lyon, ko da bai sani ba. Bayan kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, an daɗe ana loda sassan motar a jiragen sama na kamfanin UTA daga filin jirgin Satolas na Lyon, a sauke su a Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Can kuma a arewacin Paris, a garin Drancy, kamfanin Bendix ya yi shekaru yana aikin kayan birki na motocin Faransa, kafin Bosch ya saye wannan sashe a 1996. Saboda haka masu gyaran birki na waɗannan birane biyu da namu na Kano da Maraɗi 'yan sana'a ɗaya ne, ƙarfe ɗaya suke kwancewa. Abin da ya bambanta su shi ne lokacin da mota take isowa hannunsu.

Cikin motocin da suka yi yawa a gaban garejin Faransa a yau akwai doguwar motar iyali, wadda mu muke kira jif: Peugeot 3008 da 5008, Dacia Duster, Citroën C5 Aircross da ire-irensu. Mota ce mai nauyi, ga mutum biyar ko bakwai a ciki, ga kaya a baya. Tsayar da ita ya dogara ne kan abubuwa biyu da ke maƙale da juna a ƙarƙashin bonet, daidai saitin ƙafar direba. Na farko masta, ɗan guntun bututun ƙarfe mai ɗauke da tankin man birki a kansa. Na biyu busta, baƙin ƙarfe kewayayye mai faɗi da ke bayan mastan.

Aikin masta shi ne mayar da takun ƙafa ya zama matsin mai. A cikinsa akwai fistin biyu, kowane da robobinsa, kowane yana tura mai zuwa ƙafafun mota biyu. A yawancin motocin Turai an gicciye layukan: ƙafar gaba ta dama tana tare da ta baya ta hagu, ta gaba ta hagu tana tare da ta baya ta dama, don in layi ɗaya ya fashe ɗayan ya riƙe motar. Ƙa'idar da aka gina wannan a kanta ta Bafaranshe ce, Blaise Pascal, wanda littafinsa kan matsin ruwa ya fito a Paris a 1663: ruwan da aka kulle, in an matsa shi ta gefe ɗaya, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida.

Busta kuwa mataimaki ne. A cikinsa akwai shimfiɗaɗɗiyar roba da ta raba shi gida biyu. Inji yana zuƙe iskar da ke ciki ta wani tiyo. Da zarar direba ya taka birki, sai wata ƙofa ta buɗe, iskar waje ta shiga gida ɗaya ta danna robar gaba. Iskar da muke shaƙa tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin kusan kilo ɗaya, don haka bustan da faɗinsa ya kai santimita 23 yana iya ƙara wa ƙafar direba ƙarfin da ya kai kilo 250, wato kamar buhun shinkafa biyar a kan masta. Wannan ne ya sa tsohuwa take tsayar da jif da ɗan yatsan ƙafa. Ranar da busta ya mutu, birki yana nan, amma buhunan biyar sun koma wuyan direba.

Gwanintar mai wannan sana'a ita ce rarrabe ciwon masta da na busta, domin mai mota kalma ɗaya yake zuwa da ita: birki ba ya ci. Bakaniken kirki ba ya fara da sifana. Zama yake yi a kujerar direba. Da inji a kashe zai taka fedal sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, ya riƙe shi, sannan ya tayar da mota. In fedal ya ɗan sauka a ƙarƙashin ƙafarsa, busta na da rai. In ya tsaya ƙiƙam, sai ya kasa kunne. Ƙarar iska mai tsiyaya daga ƙarƙashin sitiyari, ko inji ya riƙa rawa duk lokacin da aka taka birki, alama ce ta robar ciki ta yage. Amma kafin ya yanke wa busta hukunci sai ya duba tiyon da ɗan bawul ɗin da ke bakinsa, saboda sau da yawa ɗan abin nan mai araha shi ne mai laifin. A motar dizal, wadda Faransa ta cika da ita, akwai ƙarin wanda ake tuhuma: injin dizal ba ya zuƙar iska yadda na fetur yake yi, wani famfo na daban ne yake yi wa busta aikin, kuma shi ma yana gajiya.

Gwajin masta ya fi buƙatar haƙuri. Bakanike zai ɗora ƙafa a hankali, ba da ƙarfi ba, ya riƙe. In fedal ya riƙa nutsewa sannu sannu har ƙasa, alhali babu ɗigon mai a ko'ina, to robobin ciki sun cinye, mai yana zagayewa ta bayansu ya koma tanki. Wanda ya fi wannan ha'inci shi ne man da yake raguwa a tanki ba a ganin inda yake zuwa. An duba ƙafafu huɗu a bushe, an duba bututai a bushe. Gwani zai kwance noti biyun da suka riƙe masta, ya ɗan janye shi, ya shafa bayansa da yatsa. In ya ji danshi, robar ƙarshe ce ta saki, man yana zuba cikin busta. Can zai taru ya ci robar bustan, wani lokaci inji ya zuƙe shi har farin hayaƙi ya fito ta salansa. Wanda ya canza busta kaɗai a irin wannan hali ya bar mastan, ya sayar wa mai mota gyaran 'yan watanni ne.

Manyan kamfanoni ma wannan wuri ya kayar da su. A Oktoban 2010 Toyota ta janye motoci kusan miliyan ɗaya da rabi a duniya, yawancinsu saboda robar masta, cikinsu har da Highlander da Lexus RX330 na 2004 zuwa 2006, motocin da suka cika titunan Najeriya. Bayanin kamfanin shi ne, in aka zuba man birkin da ba shi da isasshen sinadarin santsi, robar tana bushewa ta lanƙwashe, mai ya fara tsiyaya. A 2022 kuma Mercedes-Benz ta janye kusan motoci miliyan ɗaya ƙirar ML da GL da R da aka ƙera tsakanin 2004 da 2015, saboda danshi yana shiga ƙarƙashin wata roba da ke zagaye da busta ya sa shi tsatsa. Mai irin wannan mota a Lyon wasiƙa yake samu ta kai shi wurin dillali. Wanda ya sayi tata a hannu na uku ko na huɗu a Kano, babu mai aiko masa da komai.

Kowane birni da irin wahalar da yake ba birki. A Paris cunkoso ne: taka, saki, taka, saki daga safe zuwa dare, musamman a titin da ya zagaye birnin, inda tun Oktoban 2024 aka rage gudu zuwa kilomita 50 a awa. A Lyon tudu ne. Unguwannin Croix-Rousse da Fourvière a kan tuddai suke, kuma duwatsun Alps ba su da nisa, inda iyalai suke cika mota su tafi hutun hunturu. Gangaren dutse mai tsawo yana dafa birki, gishirin da ake watsawa a titi saboda ƙanƙara kuma yana cin bututai.

A nan ne maganar man birki take shigowa, kuma a kanta bakaniken Faransa ya fi tsanantawa. Man birki yana shan danshin iska. Sabon mai na DOT 4 sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 yake tafasa, amma in ya sha ruwa ma'aunin yana sauka zuwa wajen 155. DOT 3 yana farawa daga 205 ya sauka zuwa 140. In mai ya tafasa a gangare sai ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, fedal ya tafi ƙasa babu komai. Ruwan nan kuma shi ne yake sa cikin masta tsatsa. Shi ya sa yawancin kamfanoni suke cewa a zubar da man a sa sabo duk shekara biyu, ko da launinsa bai canza ba. Kuma ba kowane mai ake haɗawa da wani ba. Tsofaffin Citroën masu koren mai na LHM sun koya wa makanikan Faransa wannan darasi: a zuba mai na wani jinsi, robobi su kumbura gaba ɗaya.

Bayan an sa sabon masta sai fitar da iska. A garejinmu aikin mutum biyu ne, yaro a kujera, maigida a ƙarƙashin mota da sifana.

"Taka. Ƙara. Riƙe!"

"Na riƙe, oga."

Maigida ya buɗe ɗan notin, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure. "Saki."

Haka za a bi ƙafafu huɗu har kumfa ta ƙare. Hanyar tana aiki, amma tana da tarko. In mastan tsoho ne, tura fedal har ƙasa yana kai robobi wurin da ba su taɓa zuwa ba, inda tsatsa ta taru, su yage. Sai mota ta shigo da ciwon ƙafa ta fita da ciwon masta. Garejin Paris da Lyon sun fi amfani da wata na'ura da ake ɗaurawa a bakin tanki ta tura mai da kanta, ba a taɓa fedal. Motocin da ke da ABS kuma, in iska ta shiga akwatinsa, sai an jona kwamfuta ta buɗe ƙofofin ciki. Akwai kuma ɗan sandan ƙarfen da ke tsakanin busta da masta. In ya ɗara tsawonsa ko da kaɗan, mai ba ya samun hanyar komawa tanki, birki ya riƙe ƙafafu, su yi ta zafi har mota ta kasa tafiya.

Matashin da yake son sana'ar a Faransa yakan yi shekara biyu yana neman takardar CAP ta gyaran motoci, da yawa suna raba lokacinsu tsakanin aji da gareji, ana biyansu ɗan albashi. In ya buɗe nasa wurin, doka tana kansa. A kotunan Faransa, in matsala ta ci gaba bayan gyara, ana ɗaukar laifin mai gareji ne sai in ya nuna akasin haka: in ya karɓi kuɗin gyaran birki, birkin ya ci. Shi ya sa ba kasafai yake sauya robobin masta kaɗai ba. Sabo yake sawa ɗungurungum, ga kuɗin aikin awa ya fi ƙarfin zaman goge tsohon ƙarfe.

Ita ma motar doka tana kanta. Tun 1 ga Janairun 1992 binciken lafiyar mota ya zama dole, kuma a yau kowace motar gida sai an kai ta kafin ta cika shekara huɗu, daga nan duk shekara biyu. Wurin binciken ba ya gyara, don kada mai dubawa ya ƙirƙiro wa kansa ciniki. Ana ɗora ƙafafun mota a kan naɗi mai juyawa a auna ƙarfin kowace ƙafa. Tun Mayun 2018 an kasa lahani gida uku: ƙarami, babba, da mai haɗari. Mai babban lahani yana da wata biyu ya gyara ya dawo. Mai haɗari kuwa, izinin tuƙinsa a wannan mota yana ƙarewa da tsakar daren ranar. Wanda aka kama ba shi da takardar binciken, tarar yuro 135 ce. Ta haka masta mai tsiyaya yake isa hannun bakanike tun yana gargaɗi.

Da yawa daga motocin da suka tsufa a Turai jirgin ruwa suke shiga su sauka a Kwatano ko Legas, daga nan su haura Maraɗi, Katsina da Kano, da man birkin da ba wanda ya san shekarunsa. A nan bakanike shi ne mai bincike, shi ne mai gyara, shi ne kuma mai lallashi. Zai ce, "Alhaji, mastan nan ya gama." Alhaji ya ce, "A ɗan ƙara mata mai dai, malam, gobe zan shiga Abuja." A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za a samu sabo, a samu na Beljiyam, a samu jabu, kuma hannun namu wajen farfaɗo da tsohon ƙarfe ya fi na takwarorinsu na Turai sabo da aikin. Abin da ba su da shi shi ne wata doka mai ƙarfi da za ta tsaya a bayansu in sun ce a'a.

Sana'ar kuma tana sauya fata. Motar lantarki ba ta da injin da zai zuƙe iska, don haka ƙaramin moto ne yake taimakon ƙafa, irin iBooster da Bosch ya fitar a 2013. Gwajin nan na kashe inji a taka fedal ba ya faɗin komai a kanta, sai an karanta ta da kwamfuta. Irin waɗannan motoci za su iso garejinmu kamar yadda 504 ta iso, kuma yaron da yake koyon aiki yau zai buƙaci sifana da kwamfuta tare.

Kafin nan, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai jif ɗin da ya ga man birki yana raguwa, ko fedal yana nutsewa a wurin danja, ko ya yi tauri da safe, ya ajiye tafiyar ya nemi mai gyara. In ya sayi mota 'yar Kwatano, a zubar da tsohon man tun kafin a sa mata lamba, a zuba irin wanda aka rubuta a murfin tanki, daga sabuwar roba da ba a taɓa buɗewa ba. In kuma bakanike ya ce masta ya gama, kada ya nemi a ƙara mai.