Hoto Ba Ya Yanke wa Tsohuwar Kwandala Daraja

A kasuwar masu tara tsofaffin sulalla, lafiyar jikin kwandala ce ke yanke farashi, sau da yawa fiye da shekarunta. Za a iya samun guda biyu da aka buga a shekara ɗaya, a masana'anta ɗaya, a sayar da ɗaya a kuɗin azurfar da ke jikinta kawai, ɗayar kuwa ta ninka ta sau ɗari. Yanzu da ciniki ya koma intanet, mafi yawan masu saye hoto kaɗai suke gani kafin su biya, kuma da shi suke ƙoƙarin tantance darajar abin da za su saya. Hoto yana da amfaninsa, amma iyakarsa ya nuna aibin da ya fito fili har mutum ya fasa saye. Ba shi da ikon tabbatar da cewa kwandala lafiyayya ce, kuma a daidai wurin da ya gaza ne manyan kuɗi suke.

Ma'aunin da ake aiki da shi a yau wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949 domin tsofaffin kwabban tagulla na ƙasarsa, daga lamba 1 zuwa 70. Daga baya aka faɗaɗa shi ya shafi kowace irin kwandala, sannan aka kafa kamfanonin tantancewa irin su PCGS a 1986 da NGC a 1987, waɗanda ke dubawa su ba da lamba su rufe kwandalar a gidan roba. Daga 1 zuwa 58 na waɗanda suka shiga hannun jama'a ne suka goge, 60 zuwa 70 kuma na waɗanda babu alamar sun taɓa yawo a kasuwa. A ɓangaren farko hoto yana taka rawa sosai, domin gogewa tana fara cin wuraren da suka fi tudu, kuma ido na ganinta. A dalar azurfa ta Amurka da ake kira Morgan, wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904 da kuma a 1921, gashin da ke saman kunnen matar da ke fuskar kwandalar da gashin ƙirjin gaggafar da ke baya su ne ke fara shafewa. Idan silin gashin ya haɗe ya zama sumul, ko a hoton waya za a gane cewa ta sha hannu.

Matsalar tana farawa ne a saman ma'auni. Lokacin da inji ya danna ƙarfe da ƙarfi, ƙarfen yana malala daga tsakiya zuwa gefe, ya bar ƙananan layuka da ido ba ya rarrabewa. Su ne ke ba sabuwar kwandala ƙyallinta na asali, wanda idan aka karkata ta a ƙarƙashin fitila za a ga hasken yana zagaya fuskarta. Mai tantancewa yana riƙe ta a gefe da yatsu biyu, yana juya ta a hankali, yana neman inda hasken ya yanke. Idan ya yanke a kan kumatu, to an taɓa gogar wurin, kwandalar ta tsaya a 58 ke nan. Wannan shaida a motsi take, hoto kuwa kusurwa ɗaya yake kamawa ya daskare. Haka ma siraran ƙarce da wanki ko gugar tsumma ke bari, suna bayyana ta wata kusurwa su ɓace ta wata, alhali kwandalar da aka wanke kamfanonin tantancewa ba sa ba ta cikakkiyar lamba ko kaɗan. Dalar Morgan ta 1884 da aka buga a San Francisco misali ce: an buga fiye da miliyan 3, gogaggunta ba su da wuyar samu, amma wadda ba ta taɓa yawo ba tana da ƙaranci ƙwarai, har tazarar da ke tsakanin 58 da 60 kan ninka farashinta sau da yawa.

Akwai kuma abubuwan da hoto ba ya ɗauka sam. Ba ya auna nauyi, ba ya jin ƙarar azurfa, kuma galibi ba a nuna gefen kwandala, inda jabun da aka zuba a kwami kan bar alamar haɗi. Dalar Morgan ta gaskiya tana da nauyin giram 26.73, abin da ƙaramin sikeli zai tabbatar cikin daƙiƙa. Ta 1893 mai harafin S, wato ta San Francisco, guda 100,000 kacal aka buga, shi ya sa mazambata ke ɗauko ta Filadelfiya ta wannan shekara, wadda ba ta da harafi, su manna mata shi. Dalar Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda fatake suka yi ta shigowa da ita ƙasar Hausa, duk da an ci gaba da buga ta fiye da shekara 200 bayan rasuwar sarauniyar, 1780 ce a jikinta. Wanda ya dogara da shekarar da ya karanta a hoto ya yi cinikin biri a sama.

Wani zai ce ai masana da kansu da hoto suke koyarwa, tun littafin Photograde da James Ruddy ya wallafa a 1970. Gaskiya ne, sai dai hotunan wannan littafi ma'auni ne da ake kwatantawa da kwandalar da ke hannu, ba su maye gurbinta ba. Wani kuma zai ce kyamarori sun inganta, ga bidiyo, ga manhajojin kwamfuta masu ƙiyasta lamba. Bidiyo ya fi hoto, domin yana nuna motsin haske, amma har yanzu mai sayarwa ne ya zaɓi fitila da kusurwa, kuma manhaja ba ta ganin abin da ba a nuna mata ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa ko ƙwararru da kwandala a hannunsu suna saɓani, don haka me ya sa za a tsananta wa hoto? Suna saɓani, shi ya sa manyan kamfanoni ke sa fiye da mutum ɗaya ya duba, kuma suke ɗaukar alhakin biyan diyya idan jabu ta wuce su. Idan mai riƙe da abu yana iya kuskuren lamba ɗaya, wanda ke kallon inuwarsa a waya ya fi kusa da kuskure.

Wannan ya shafe mu, domin gidaje da yawa na ajiye da anini da kwabo mai huda na zamanin Turawa, da sisi da sule da taro, kuma hotunansu na yawo ana yi musu kuɗi na fitar hankali. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila kafin shekara ta cika, yana da daɗin labari, amma an buga shi da yawa, don haka gogagge ba shi da tsada. Ga irin waɗannan masu araha, hoto mai kyau ya wadatar. Mai saye ya nemi fuska da baya da gefe, a hasken rana, tare da nauyi a kan sikeli, ya kuma ɗauki lambar da ya ƙiyasta a matsayin mafi girman abin da za ta iya kaiwa. Idan kuɗin ya yi nauyi, kada ya biya sai da sharaɗin mayarwa, ko kuma kwandalar tana cikin gidan robar kamfanin tantancewa da ya bincika lambar shaidarta. Mai ajiya kuma ya bar ta yadda ya gaje ta, kada ya sa mata toka ko lemon tsami don ta yi kyau a hoto, domin wankin kwandala rage mata daraja yake yi, kuma ba ya gyaruwa.