Fassara Kalmomin Yau da Kullum

Ɗalibi a Zonkwa ko Kafanchan yakan tashi da harsuna uku a bakinsa: harshen gida, kamar Jju ko Tyap, da Hausar kasuwa da coci, da kuma Turancin aji. Saboda haka fassara ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Duk da haka, kalmomin da suka fi kayar da ɗalibai a jarrabawa su ne ƙananan nan da kowa yake ganin ya riga ya sani.

Mu ɗauki kalmar "break". Bature da ita yake amfani ko sanda ce ko tukunya. Bahaushe kuwa sai ya dubi siffar abin tukuna. Abu mai tsawo, kamar rake ko ƙashi, karya shi ake yi. Ƙwai da tulu da madubi fasa su ake yi, igiya kuma a tsinke ta. Wanda ya rubuta "na karya ƙwai" za a gane nufinsa, amma malami zai ja masa jan layi.

Kalmar "uncle" ta fi wannan haɗari. A Hausa ɗan'uwan uba shi ne baffa, ɗan'uwan uwa kuwa kawu, kuma matsayinsu ba ɗaya ba ne: a auren Hausawa baffa yakan tsaya a madadin uba ya zama waliyyi. Idan tafinta ya musanya su a gaban kotu, ya ɗora wa wani hakkin da ba nasa ba. Wajibi ne ya tambaya, ta wajen uwa ne ko ta wajen uba, kafin ya buɗe baki.

Ba Hausa kaɗai ke da wannan hali ba. Sifaniyanci, harshen ƙasar Sifen da yawancin ƙasashen Kudancin Amurka, ya raba kalmar "be" gida biyu, wato "ser" da "estar". Ta farko tana faɗin ko mene ne mutum, ta biyu kuma inda yake ko halin da yake ciki. Mai jin Hausa ba zai sha wuya a nan ba, domin ya riga ya san bambancin "Ladi malama ce" da "Ladi tana aji". Amma a kan baffa da kawu Sifaniyanci ya bi Turanci, "tío" ne duka.

Kamannin kalma ma yana yaudara. Musulmi sun yi mulki a sassan Sifen daga shekarar 711 zuwa 1492, shi ya sa harshen ya ari kalmomin Larabci masu yawa, kamar yadda Hausa ta yi. "Alcalde" da "alƙali" tushensu ɗaya, sai dai a yau "alcalde" shugaban gari ne, ba mai yanke shari'a ba.

To, yaya ɗalibi zai yi? Ƙamus yana taimakawa, irin na Bargery na 1934 ko na Turanci da Hausa wanda Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990, muddin aka karanta dukkan misalan da ke ƙarƙashin kalma. Ragon ɗalibi ma'anar farko yake kwafewa ya rufe littafi. Gara ka karanta jimlar gaba ɗaya, ka gane wa ke magana da wa, sannan ka zaɓa. Ko "you" sai ka san namiji ne, mace ce, ko jama'a, kafin ka rubuta kai, ke, ko ku.