SAI AN ƘETARE IYAKA KAFIN A GA RAƘUMIN DAWA

Mutumin Potiskum ba a koya masa sanin dabba. Yaron da ya tashi a unguwar Yerimaram tun yana ƙarami yake ganin ana kora garken shanu zuwa kara, watau babbar kasuwar nan da ta yi suna a Afirka ta Yamma, ana kuma loda su cikin manyan motoci zuwa Kudu. Amma a tambaye shi ko ya taɓa ganin raƙumin dawa yana kiwo a sake, sai ya ce sai dai a hoto.

Ba laifinsa ba ne. Raƙumin dawa irin namu na gida ya ƙare a dazuzzukan Nijeriya. Waɗanda ke gandun Sumu na Jihar Bauchi baƙi ne, daga Namibiya aka kawo su cikin 2006. Irin na Afirka ta Yamma, wanda jikinsa ya fi na sauran haske, a da yana yawo tun daga Senegal har bakin tafkin Chadi, amma farauta da fari da saran itace suka cinye shi. Garke ɗaya ya tsira, shi ma a Jamhuriyar Nijar.

Saboda haka mai son gani daga Potiskum sai ya ɗaura ɗamarar doguwar tafiya. Zai bi ta Kano da Katsina, ya ƙetare iyaka a Jibiya ya faɗa Maraɗi, sa'an nan ya miƙi titin yamma ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, har garin Koure, wanda ke kamar mil 40 kafin a shiga Yamai.

Abin da ke fara ba baƙo mamaki shi ne babu shinge, babu ƙofa. Dabbobin nan cikin gonakin Zabarmawa suke kiwo, suna gittawa ta gefen rumbuna da rijiyoyi. Duk da haka ganinsu ba sauƙi gare shi ba. Namiji yakan kai ƙafa 18 a tsaye, amma in ya tsaya cik a gindin itace, zanen jikinsa sai ya saje da inuwa da busasshiyar ciyawa, mutum ya wuce bai sani ba. Shi ya sa ake sammako, a kuma ɗauki ɗan jagora daga cikin mutanen wurin. Shi ba ƙasa kawai yake duba ba. Saman itatuwa yake bi da ido ko zai hango kai ya ɓullo, yana tafe yana tambayar manoma da makiyaya inda suka gan su jiya da yamma.

Lokacin shekara ma yana da nasa hukunci. Da damina suna kan tudu kusa da Koure. Da rani kuwa sai su gangara kwarin Dallol Bosso, gama can gawo yake da yawa, kowa kuma ya san halin gawo: sai sauran itatuwa sun kaɗe shi yake fid da ganye. In an same su, a sauka daga mota a taka a hankali, ban da gudu, ban da ihu. Sun saba da mutane, amma harbin ƙafarsu ba abin wasa ba ne, balle uwa mai ɗa.

Cikin 1996 da aka ƙidaya su, 49 kaɗai suka rage a duniya. Gwamnatin Nijar ta tsananta hana farautarsu, ƙungiyoyi suka shiga taimakon ƙauyukan da rijiyoyi da rance, har yawansu ya haura 600. Ba ƙaramin aiki ba ne ga dabbar da ke ɗaukar ciki wata 15 ta haifi ɗa guda. Manomi dai shi ke biyan wani kashi na kuɗin, domin raƙumin dawa ba ya ƙin wake ko mangwaro in ya samu.

Sai kuma masifa ta auku. Ran 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga a kan babura suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da suka je kallo, tare da direbansu da shugaban 'yan jagora. Baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin 'yan jagora ya yanke. Duk mai niyyar zuwa wajibi ne ya fara bincika halin hanya wurin hukuma.

Tun kafin wannan, masana sun ga haɗarin tara iri duka wuri guda. Cikin Nuwamba 2018 aka ɗebi takwas a mota, tafiyar kusan mil 500, aka sake su a gandun Gadabeji da ke arewa da Dakoro cikin jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga sawunsu ba. Cikin 2022 suka fara haihuwa a can.