Uwargida, Ido Ma Yakan Yi Tsatsa

Uwargida, kin lura da yadda wuƙa take tsatsa in ta kwana waje da damina? Ko doyar da kika fere kika ajiye ta sake launi? Aikin iskar oksijin ke nan, wadda muke shaƙa. To, irin wannan ɓarna tana aukuwa har cikin ido.

Bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai mai tattara haske. Jiki, wajen aiki da iskar nan, yakan bar waɗansu ƙwayoyi masu cin madubin a hankali, amma yana da masu karya musu lago, irin su bitamin C. In shekaru suka ja, ko aka daɗe cikin ƙwallewar rana da hayaƙi, ko ciwon sukari ya shiga, sai masu ɓarna su rinjaya. Madubin ya dushe kamar farin ƙwai bisa wuta. Ita ce yanar ido. Binciken da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna ita ce kan gaba wajen makanta mutane.

Maganar hayaƙi kuwa tamu ce, mu da ke durƙushe gaban murhu safe da yamma. Ki nemi busasshen itace, ki yi girki inda iska ke ratsawa. A miya kada ki raina zogale da alayyaho da manja, kuma ki daina dafa ganye har ya mutu murus, don wuta tana kashe bitamin C. Lokacin gwaiba da mangwaro da lemo, ki ci, kada ki bar wa yara kaɗai.

Amma fa abinci kariya ce kurum. A 2001 likitocin Amurka sun ba da sakamakon gwajin bitamin C da E da sinadarin zinki: sun rage tsanantar wani ciwon bayan ido na tsofaffi da wajen kashi 25 cikin 100, yana kuwa ba su taɓa ta ba. In ta riga ta fito, aiki ne maganinta, a cire madubin a sa na roba.

'Yan makaranta, in kaka ta soma cewa tana ganin hazo, ku matsa a kai ta asibitin ido, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Kada a bari masu yawo ƙauye-ƙauye su tura mata yanar ciki da tsinke; idanu da yawa sun tafi ta nan.