Shiga makarantar ENS ta Pari: wace hanya ta fi dacewa da ɗalibin Nijar?

Makarantar École normale supérieure ta titin Ulm, wadda aka kafa a Pari a 1794, tana cikin makarantun Faransa mafi wuyar shiga. Hanyoyi biyu ne suka shafe mu a nan, kuma lissafinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce konkur. Bayan bak, ɗalibi yakan yi shekara 2 a ajin share fage, sannan ya yi jarrabawar rubutu da ta baka. A sashen adabi gurabe ba su kai 100 ba, ƴan takara kuwa dubbai ne. Amma tun 2011 sakamakon rubutun yana ba da damar shiga wasu makarantu, kamar ESIT ta aikin fassara.

Ta biyu an tanade ta ga baƙi waɗanda suka fara jami'a a ƙasashensu. Akan ɗauki kamar 10 a adabi, 10 a kimiyya, tare da bursu na shekara 3. Dosiye ake fara dubawa: maki, da tsarin binciken da ɗalibi ya rubuta.

Ke nan ɗalibin Yamai ko Damagaram ya fi kyau ya bi ta biyu, inda ba za a gwada shi da waɗanda suka shekara 2 suna horo a kan Latinanci da salon jarrabawar Faransa ba. Ƙarfinsa shi ne bincike mai iyaka, misali karin sautin Hausar Ader. Tun da gurabe kaɗan ne, wajibi ne ya aika dosiye ta biyu a shekarar, ga INALCO misali, inda ake koyar da Hausa.