Tsufa Hawa Uku Ne: Baba Yana Hawa Na Nawa?

A Amurka akwai unguwannin da aka gina wa tsofaffi zalla. Mutum zai biya kuɗi ya tare da ƙarfinsa, yana harkokinsa da kansa. In ƙarfi ya ragu, sai a mayar da shi sashen da ake taya shi wanka da shan magani. In ya kwanta, ma'aikatan jinya su karɓe shi dare da rana. Hawa uku, duk a wuri ɗaya.

In a cikin ganuwar Zariya ka tashi, Kwarbai ko Unguwar Juma, ka san babban gida ya daɗe yana wannan aikin. Matsalar dai, ba ma lura da lokacin da Baba ya sauya hawa.

Tun 1963 likitoci ke da ma'auni, na Dokta Sidney Katz. Abu shida ake dubawa: wanka, sa tufafi, shiga bayi, tashi daga shimfiɗa, riƙe fitsari da bayan gida, sai cin abinci. Yawanci wanka ne ke fara gagara, cin abinci ne na ƙarshe.

In ɗaya ya gagara, gyara gida: kujerar wanka, fitila a soro, ƙarfen dafawa a bayi. Faɗuwa ɗaya kan karya ƙugun tsoho, ta kwantar da shi.

In kuwa ya kwanta, tausayi kaɗai bai isa ba. A riƙa juya shi kamar duk awa biyu, don kar gyambo ya fito. A nemi shawarar likita a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko na koyarwa a Shika. Sannan a raba jinyar, kar a bar wa mace ɗaya.